Ardo Ya Sayi Ruga Mai Taya Huɗu

Allah ya ja zamanin Ardon Hamburg, jikan masu sanda. Labari ya iso mu har Maiduguri cewa bayan shekarun da ka yi a Jamus kana nuna mana ka zama ɗan birni, jini ya motsa: ka fasa asusu ka sayi mota mai ɗaki, da gado da murhu da makewayi duk a ciki. Mu Barebari ba mu yi mamaki ba. Mun daɗe da sanin ko bene aka gina wa Bafulatani, sai ya nemi inda zai ɗaura masa taya. Turawa na sayen irin wannan mota don hutun bazara, kai kuwa ruga ka koma, sai dai garken bana dawaki 130 ne a cikin inji, babu ko karsana ɗaya.

Motar kam ka zaɓa, ban ƙi ba. Fiat Ducato ce ƙirar 2013, mai injin dizal na lita 2.3, kuma a kan irinta ake gina mafi yawan motocin kwana na Turai. Inda ka kwafsa shi ne wajen baƙin mai. An ce ka shiga shago ka wuce duk jarkokin da ke gabanka, ka ɗauko 20W-50, wanda Jamusawa ke ajiye wa masu tsofaffin motocin ado. Da ka isa gida ka ɗiga shi a yatsa, ka murza, ka gyaɗa kai ka ce wannan shi ne mai, mai jiki. Haka kakarka ke gwada man shanu a bakin ƙwarya, kuma ita tana da gaskiya, domin ba ta taɓa zuba nata a turbo ba.

Zauna, ubangidanka zai karanta maka lambobin. Lambar farko, mai harafin W a gefe, tana faɗin yadda mai ke gudu cikin sanyi. Mai 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifili, mai 20W kuwa a digiri 15 ƙasa da sifili aka tsaya. Lamba ta biyu kaurinsa ne idan inji ya yi zafi, a digiri 100. To ka tuna da asubar Janairu a Hamburg. Ka murɗa makulli, inji ya tashi, man naka yana can ƙasa yana miƙa, ƙarfe na cin ƙarfe a sama, turbon da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti yana jiran ɗigo. Ka'idar nan ta "mai kauri ya fi" an gina ta ne a garejojinmu, a kan injinan da suka sha duniya har ringi ya saki, kuma cikin zafin da ke narka kwalta. Can ma rufin asiri ne ake yi wa tsohon inji. Naka an ƙera shi da matsattsun hanyoyin mai, siriri yake so.

Amma ko kaurin ba shi ne babbar magana ba. Leƙa ƙarƙashin motar, a jikin salansa akwai wata tukunya, matatar hayaƙi, wadda dokar Euro 5 ta sa ta zama dole a motocin dizal. Aikinta kama baƙin hayaƙi. Idan ta cika, kwamfutar motar kan ƙara mata wuta har wajen digiri 600 ta ƙone abin da ta tara. Kowane inji yana ɗan lasar baƙin mai, kuma sinadaran da ake zuba wa man suna barin toka idan sun ƙone. Hayaƙi yana ci da wuta, toka ba ta ci. Nan take zama, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da fitila za ta kama a gabanka, motar ta ƙi ja, bakanike ya karanto maka kuɗin da ya haura Yuro 1,000. Saboda haka ne ƙungiyar masu ƙera motoci ta Turai, ACEA, ta ware aji na musamman mai harafin C. A ajin C2 da C3 toka ba ta wuce kashi 0.8 cikin ɗari, alhali ajin A3/B4 yana iya kaiwa 1.6.

A nan ne wayon naku na daji ba zai yi aiki ba. Jarka biyu za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, kowacce an rubuta mata 5W-30 da manyan baƙaƙe, ɗaya ta dace da motarka, ɗaya tana toshe mata maƙogwaro. Fuskar jarka talla ce. Juya bayanta, sa tabarau, nemi ƙananan rubutun. Ga injinka, abin da za ka gani shi ne ACEA C2 da lambar Fiat 9.55535-S1. Ko Ducato ɗin da suka biyo baya, na Euro 6, an sauya musu zuwa 0W-30 da wata lambar daban, balle motar wani kamfani.

Na san halinka da zumunci. Za ka sauka a sansanin masu irin motarka, kafin magariba ka san sunan karen kowa, da safe kuma ka aro lita ɗaya wurin maƙwabci. Kada ka fara. Mai Sprinter lambar Mercedes yake bi, irin su 229.51. Mai sabuwar Ford Transit kuwa, wadda ke da injin EcoBlue da ya fito a 2016, bel ɗin tayimin ɗinsa a cikin mai yake wanka, man da bai dace ba yana cinye shi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kuma littafin da za ka duba ba wanda ke koya maka kunna firji da zubar da ruwan makewayi ba ne, wannan na kamfanin da ya gina ɗakin ne. Akwai na biyu, na Fiat, wanda na tabbata har yanzu yana cikin ledarsa.

Kada kuma wani ɗan gida ya ba ka shawara ta waya cewa a fasa tukunyar a zazzage cikinta a huta. A nan an saba, mota ta fita tana turnuƙe unguwa, kowa ya toshe hanci ya wuce. A Jamus yin haka yana soke izinin hawan motar, ga masu binciken TÜV suna jiranka duk shekara biyu, kuma ba su san Ardo ba.

Sai maganar juye. Ka ga an rubuta kilomita 48,000 ko shekara biyu, ka yi lissafi ka ga a yadda kake tafiya sai ɗanka ya yi aure kafin ka cika kilomitocin, ka yi murna. Kunya ce ma a ce jikan makiyaya bai yin kilomita 10,000 a shekara, amma haka abin yake: motar tana fita Afrilu, tana kwanciya Oktoba. Zaman nan yana lalata mai. Raɓa na taruwa a ciki, ga tsamin da ƙonewar dizal ke bari, duk su kwana a jikin ƙarfe wata biyar. Wanda ba ya tafiya da yawa, kalanda yake bi: juye sau ɗaya a shekara, da sabuwar filta, kuma kafin a ajiye motar, don ta yi sanyin da mai mai tsabta. Tayar da inji minti goma a tsaye duk mako, da kake yi don maƙwabta su san kana nan, ƙara mata ruwa kawai yake yi. In za ka tayar, fita babbar hanya ta yi zafi sosai.

Wani abu kuma, tun kafin ka kira ni kana kabbara. Wata rana za ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru da kansa, ya haura layin sama. Ba albarka ba ce, Ardo, man bai haihu ba. Dizal ne. Lokacin da motar ke ƙone abin da matatar ta tara tana fesa ƙarin dizal, idan kana yawan kashe ta a tsakiyar aikin sai ya zurara ya gauraye da baƙin mai ya tsinka shi. Ka auna a shimfiɗaɗɗen wuri, bayan inji ya huta 'yan mintuna, ka sansana gejin. In ya haura layi, a juye.

Tsohon man kuma kada ka ɗura shi a galan ka ce za ka aiko gida a shafa wa azara saboda gara. Dokar Jamus ta wajabta wa mai sayar da baƙin mai ya karɓi tsohon kyauta, daidai yawan da ka saya, don haka riƙe rasit.

Jarkar 20W-50 ka riga ka buɗe, ba mai karɓarta, ka kyautar wa mai tsohuwar Bitil. Sayi C2 mai lambar da na faɗa maka, ka ajiye lita ɗaya a motar don ciko. Ladan wannan karatu kuwa ka haɗa da kuɗin sharar bara da ka danne, ka aiko kafin Muharram, a Yuro.