Yadda Ake Sayen Layi a Gidan Mickey

Idan yara sun tasa ka gaba sai an je Disney World, uwargida kuma ta ce ai kowa ya je sai ku, to Alhaji, ka nemi kujera ka zauna mu yi lissafi kafin ka ce to. Wurin yana kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, an buɗe shi a 1971, kuma dandali huɗu ne a cikinsa: Magic Kingdom, EPCOT, Hollywood Studios da Animal Kingdom. Magic Kingdom kaɗai mutum sama da miliyan 17 ke shiga a shekara. Ka riƙe wannan adadin, domin ranar da za ka je za ka rantse duk ranar suka zo.

Abu na farko, ka koyi daina mayar da dala zuwa naira. Tikitin shiga na yini ɗaya ya haura dala 100 ga mutum guda, a ranakun cunkoso yana dosar 200. Jariri da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, amma yaro yana cika 10 ya zama babba a idon mai sayar da tikiti, ko da har yanzu sai an raka shi banɗaki da dare. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana buga wannan da canjin ranar, hawan jini zai riga shi hawa lilo. Ka biya ka ce Alhamdu lillahi.

Kana shiga za ka gane abin da ka saya. Ka sayi izinin tsayawa a layi. Lilon da yara suka gani a YouTube yana nan, sai dai tsakaninku da shi akwai jama'a da suka nannaɗe kamar igiya, ga allo a sama yana cewa minti 90. Shi kuwa hawan, wani minti uku ne, wani ma bai kai ba. TRON, wanda aka buɗe a 2023, kafin ka gama salati an sauke ka.

A nan ne kamfanin Disney ya tausaya maka. A gefen dogon layin akwai wani gajere, sunansa Lightning Lane, mutane na wucewa ta ciki suna sunkuyar da kai kamar ba su ga kowa ba. Kuɗi suka biya. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san 'yan bumburutu. Bambancin kawai, a nan mai gidan man ne da kansa ya fito da jarka, har da rasit da murmushi.

Ba haka aka fara ba, kuma yana da kyau ka san tarihin don ka samu abin yi wa yara ƙorafi a cikin layi. A 1999 aka ƙirƙiro FastPass: ka zura tikitinka a na'ura, ta ba ka 'yar takarda mai ɗauke da lokacin dawowa, ko sisi ba ka biya ba. Daga baya aka mayar da shi cikin waya, har ila yau kyauta. Da annobar korona ta zo a 2020 aka dakatar da shi, kuma bai sake farfaɗowa ba. A watan Oktoba na 2021 sai ga Genie+ da farashin dala 15 ga mutum a yini. Jama'a suka yi ta guna-guni, suka kuma yi ta saye, farashi ya yi ta hawa. A 2024 aka sake masa suna da fasali. Yanzu akwai Multi Pass, wanda zai ba ka damar zaɓar lilo uku tun kafin ranar, kana hawa ɗaya ka ƙara zaɓar wani. Kuɗinsa yana tashi ne daidai ranar da ka fi buƙatarsa.

Kada ka yi saurin murna. Lilon da yara suka fi so ba ya cikin wannan ƙunshin. TRON da Seven Dwarfs Mine Train da Rise of the Resistance da Flight of Passage, kowanne kuɗinsa daban, sunan wannan kuma Single Pass. Idan duk wannan ya yi maka yawa, an tanadi Premier Pass: ka hau kowane lilo sau ɗaya ba tare da zaɓar lokaci ba, a kan kuɗin da a ranakun cunkoso ya wuce dala 400 ga mutum ɗaya a Magic Kingdom, ban da tikitin shiga. Idan ku shida ne, ka buga da kanka, ni ba na son a ce na tayar wa mutum da ciwo. Tsofaffin Amurkawa za su ce maka ai da ma a 1971 dala uku da rabi ake shiga, sannan a sayi takardar kowane lilo daban, sai a 1982 aka haɗe kuɗin wuri guda. Wato an koma gidan jiya, sai dai wannan karon ba a rage kuɗin ƙofa ba.

To, ka saya. Daga yau kai ba maigida ba ne, akawun waya ne. Ana buɗe zaɓen lilo ƙarfe 7 na safe agogon Florida, kwana 7 kafin zuwa ga masu sauka a otal ɗin kamfanin, kwana 3 ga sauran talakawa. Ka yi asuba, ka buɗe manhajar kamfanin a waya, ka ɗora yatsa. Kana sammako wani a tafe ya kwana: akwai matan Amurka da suka yi wata shida suna nazarin wannan abu, da jadawali mai launi-launi, kuma kafin ka gama hamma sun kwashe lokutan safe. Kai za ka samu ƙarfe 4 na yamma a wani lilo da ke can ƙarshen dandali, da kuma ƙarfe 4 da rabi a wani da ke ɗaya ƙarshen. Ana ba ka tazarar awa ɗaya ka isa. Ka saba ƙaramin a kafaɗa, ka ce wa sauran su biyo ka da gudu. Hutu ke nan.

A yinin nan kowa zai ga fadar Cinderella, kai za ka ga fuskar waya. Da ita ake duba tsawon layi, da ita ake odar abinci, da ita ake neman banɗaki. Ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka, domin idan batir ya mutu da azahar, ikonka a kan iyali ya mutu tare da shi.

Kafin ka baro gida, ka jingina yara a bango ka auna su. Space Mountain na neman santimita 112, TRON 122, kuma ma'aikacin da ke riƙe da sandar awo ba ya jin lallashi, ba ya kuma sanin ko kai wane ne. Babu baƙin ciki irin ka biya wa Auta kuɗin tsallake layi a tarar saura yatsa biyu ya kai. Akwai dai tsarin da iyaye ke karɓa-karɓa: ɗaya ya hau, ɗaya ya tsaya da mai kuka, sannan a yi musanya ba tare da sake bin dogon layin ba. Wannan kyauta ne, ka more shi tun ba su tuna ba.

Sai maganar sama. Daga Yuni zuwa Satumba Florida zafi ne mai gumi, wanda riga ke manne wa jiki tun hantsi, kuma kusan kullum da rana hadari ke haɗowa. Ana fara walƙiya a kusa za a rufe duk lilon da ke fili. Girgije bai san ka biya ba. Za su ba ka damar hawa daga baya ko ka canza da wani, amma jadawalin da ka hana idonka barci a kansa ya riga ya jiƙe.

Ga 'yan dabarun da ba sa cin kuɗi. An yarda ka shiga da guzurinka, don haka uwargida ta ƙulla abin da ya sawwaƙa. Hakan ya raba ka da tsada, ya kuma raba ka da tambayar da me aka soya wannan. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a wuraren sayar da abinci, in ka roƙa. Ka isa ƙofa kafin a buɗe, domin awar farko ta safiya ta fi kowane tikitin tsallake layi albarka, haka ma lokacin da kowa ya tafi kallon wasan wuta da dare. Manyan yara kuma su bi layin masu hawa su kaɗai a inda ake da shi, kamar Expedition Everest. Ƙofar fita daga lilo da yawa ta cikin kanti take bi. Ka rufe idon yaro da tafin hannu ka ce masa ƙura ce.

Shin tafiyar ta cancanci kuɗinta? Rantsuwa ba kaffara, aikin da aka yi a wurin ba na wasa ba ne. Flight of Passage zai sa dattijo mai furfura ya yi ihu ya manta da girma. Idan hutun makaranta ya tilasta maka zuwa a makon ƙarshen Disamba, wanda ya fi kowane cunkoso, ka sayi Multi Pass a Magic Kingdom da Hollywood Studios, inda layi ya fi tsanani, ka ƙara Single Pass guda ɗaya don lilon da aka fi damun ka da shi. A EPCOT da Animal Kingdom sammako ya ishe ka. Idan kana da zaɓi, ka je bayan yaran Amurka sun koma makaranta, ka bar kuɗin a aljihu.

Idan kuwa sai ka ci bashi, ko babban yaron bai kai shekarun da zai tuna komai ba, ka ce wa uwargida sai baɗi. Ɓeran nan Mickey tun 1928 yake raye, zai jira ku.