Yadda Ake Mallakar Motar Tsere Da Kuɗin Riɗi

Motar tseren mai ƙaramin ƙarfi, irin wadda ake gani tsakanin Gaya da Ajingi, mota ce da ta gama bautar Turai, ta yi ritaya, sannan aka yi mata fenti ta soma sabon aiki a ƙasar Hausa. Cikin wannan aji akwai Volkswagen Golf 4 mai injin 1.8 da turbo, wadda aka fara ƙerawa a 1997, mai ƙarfin doki 150. Galibinsu sun girmi masu hawansu. Da yawa ta Kwatano suka biyo. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai dai da alama labarin bai isa kunnen wasu motocin ba.

Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin injin. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Tana iya juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, don haka abu uku take nema: baƙin mai mai kyau da ake canzawa a kan kari, matatar iska mai tsabta, da ɗan jinkiri kafin a kashe inji bayan doguwar tafiya, don ta huce. Duka ukun ba a ganinsu daga majalisa, shi ya sa ba sa shiga kasafi.

Kuɗin saye yakan fito ne bayan kaka. Riɗi ko gyaɗa, kwasar adashi, da wani sa da aka shekara ana yi wa dusa aka kai shi kara a Wudil ranar Juma'a. Da wannan ake shiga Kano, tare da rakiyar aboki wanda ya san mota. Shaidar saninsa ita ce yayansa ya taɓa yin karen mota.

Duba mota yana da ƙa'ida. A shuri taya da ƙafa, a ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa a kasa kunne, a buɗe bonet a tsura wa inji ido ana gyaɗa kai. Daga nan a taka totur sau uku. In tsuntsaye suka tashi daga bishiya, injin lafiyayye ne. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke biyo baya alama ce ta inji ko turbo na shan baƙin mai, amma dillali yana da wata fassarar: “Alhaji, zama ne ya yi mata yawa.” Mai saye, da bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, yana jin an kira shi Alhaji ya daina ganin hayaƙi. Kowace mota a bakin dillali ta wata Hajiya ce da ba ta zuwa ko'ina sai asibiti da gidan suna. Ba a tambayar abin da ya kai Hajiya sa wa motarta sitiyarin tsere. Ana gama ciniki a biya la'ada ga dillali, da dillalin dillali, da wani dattijo da ke zaune a benci ya ce Allah Ya sa albarka.

Gyara shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan mutumin Gaya yana da gado. Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka je gindin Dutsen Dala neman tama tun kafin Kano ta zama birni. Wanda kakanninsa suka narka dutse ba zai tsaya injiniyan Jamus ya koya masa ƙarfe ba. Da salansa ake farawa. A cire abin nan da makanikai ke kira indomi, mai tace hayaƙi, a sayar da shi, a yi walda da wani bututu mai faɗin gwangwanin madara. Gudun motar bai ƙaru da abin a zo a gani ba, amma yanzu unguwa uku ke sanin lokacin da maigidan ya dawo hira, har da surukai. Sai a je Kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo fiffiken da ake ɗaurawa a kan but, da tambarin GTI, da fitilu masu launi da za a jera a ƙarƙashi. Aikin fiffike shi ne danne mota ƙasa in tana tsananin gudu. Dokar hanya kuwa ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 50 cikin gari, 80 a kan babbar hanya, 100 a kan tagwayen titi, ramuka kuma suna da tasu dokar da ta fi wannan tsanani.

Mataki na gaba shi ne yanke sifirin don mota ta kwanta ƙasa. Kaskon baƙin mai na Golf 4 na alminiyam ne, kuma dama can yana kusa da ƙasa. Bayan yanka, duk tudun rage gudu sai an hau shi a karkace, fasinjoji sun sauka suna ba da umarni. Hanyar ƙauye mai yashi kuwa sai dai a aika gaisuwa da mai babur.

Makanike ma yana da tasa gudummawar. Zai cire abin da ke daidaita zafin ruwan inji, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya haɗa fankar lagireto kai tsaye ta yi ta juyawa. In fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, maganinta baƙin salatif. Baƙin mai na awo ake zubawa daga jarkar da ba ta da suna, matatar iska kuma a kakkaɓe ta a jikin taya bayan ta sha ƙurar hunturu. Abin da ya rage a aljihu ya tafi ga sifika, da rubutu a gilashin baya cewa hassada ga mai rabo taki ce. Har yanzu ba a gano mahassadan ba.

Sai batun mai. Daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haye 1,000. Wannan ya haifar da sabon salon tsere: a sayi lita biyu wurin 'yan bumburutu, a taka totur a gaban majalisa, a sha kwana, a kashe inji a gangara. Babbar ranar motar ita ce ranar kai amarya, inda ake juyi a fili ƙura ta turnuƙe, yara na ihu, dattawa na salati, mai unguwa na tambayar ɗan gidan wa ne. Abokan ango da aka ɗauko cikin alfarma su ne masu turi a hanyar dawowa.

Turbo da aka yi wa wannan riƙo takan fara da fito, ta koma kuka, sannan ta yi shiru. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, ta gwanjo kuma sa'a ce. Daga nan makoma biyu ce. Ko motar ta zauna gindin darbejiya a kan duwatsu huɗu, kaji su gaje ta, ko a sauke injin a ɗora marar turbo, a mayar da sifirin masu tsawo, ta shiga layin haya zuwa Wudil, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, buhunan gero a but. Direbobin haya ba su cika cire fiffiken ba, domin yana da daɗin ɗaure igiya.