Mai Amsa na Bakin Tasha

A tashar Achilafiya akwai wani saurayi da ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Bai taɓa riƙe fartanya ba, bai taɓa ɗinke bakin buhu ba. A rumfar mai shayi ya tashi, yana kwashe hirar direbobi da fatake har ya haddace ta tsaf. Tun yana ƙarami, in ya ba da amsa a miƙa masa ƙosai, in ya yi shiru a wuce shi. Yaro kuwa ba wawa ba ne.

Tsallaken titi akwai tsoho mai awo. In ka tambaye shi yadda masara za ta kai a bazara, sai ya shafa bakin tiya ya ce, "Ban sani ba. Amma in ta faɗi rabi, tukunyar gidanka za ta hau murhu?" Mutane suka ce tsufa ne. Shi dai yakan tuna musu Imamu Malik, wanda aka ruwaito an yi wa tambaya 48, ya ce bai san 32 ba. Ba mai tsayawa ya ji ƙarshen zancen.

Da kakar 2024 wata bazawara ta sayar da awakinta uku, ta ƙulle kuɗin a gefen zane, ta zo tasha wurin saurayin.

"Ɗana, in sayi masara in ajiye?"

"Inna, tambayarki ta yi kyau ƙwarai," in ji shi. Ya jero mata dalilai uku reras, murya kamar zuma. Bara ta tashi, bana ma za ta tashi. Tun watan Yuli gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da wake da alkama na kwana 150, amma wannan bai shiga cikin ukun ba.

Shekarar 2025 ta shigo, hatsi ya yi ta sauka a kasuwar Dawanau, ƙwaro kuma yana nasa aikin cikin buhu. Da ta sayar da masarar da ta ajiye, abin da ta samu bai maido akuya biyu ba.

Ta koma wurinsa. Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Inna, kin yi gaskiya, kuskurena ne, ki gafarce ni. Bana riɗi za ki saya."

Bayanta layi ne har bakin kwalta, akwai masu manyan riguna a ciki. Can tsallake, tsoho yana korar kaji daga tabarmarsa.