Hannun Jarin Mai Maganin Basir

A watan Agustan 2018 kamfanin Sonos na Amurka, mai ƙera sifika marar waya, ya fara sayar da hannun jari a kasuwar Nasdaq, dala 15 kowane ɗaya. Jaridun can suka ɗauki guɗa kamar an ga watan sallah. Shekara ta zagayo, Transsion mai Tecno da Itel da Oraimo shi ma ya shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai. Wannan kam da guminmu a ciki, ko da yake ba wanda ya aiko mana da goron gayyata.

Duk 'yan jaridar nan ba wanda ya leƙo Kasuwan Magani ranar Alhamis, alhali nan sifika ke cin kwakwa. Mai maganin basir ya naɗi tallarsa a memori, ya ɗaure sifikar a jikin baro da tsohuwar robar tayar babur, ya koma inuwa yana shan rake. Ita ke ta rantsuwa a madadinsa tun hantsi har la'asar, ga ƙura ga rana, ba ta taɓa neman ruwa ba. Mai cajin waya ya saki Shata, maƙwabcinsa ya saki waƙar coci, mai citta da ke tsakaninsu ya koma ciniki da yatsu.

Na tambayi mai maganin ko zai sayi hannun jari. Ya tofar da ɓawon rake, ya ce, "Malam, in yana zuwa da caja, kawo biyu. Tawa yara sun ɓatar tun wancan mako."