Jirgi mai hancin shebur

Tun ranar da na ba da labarin nan a gindin mangwaro a Fadan Kagoma kun hana ni sakat. Wai shara ta na yi, wai a zamanin kakanni babu jirgin ƙasan da ya taɓa gudun kilomita 180 a awa. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, har da tafa hannu: "Ɗana, mu da muka tsufa a kan dogo ba mu gani ba, sai kai?"

To Baba, a gyara zama. Sunan jirgin Pioneer Zephyr, ɗan Amurka. Ran 26 ga Mayu 1934 ya tashi daga Denver ya sauka Shikago, kilomita 1,633, cikin awa 13 da minti 5, ko tsayawa shan ruwa bai yi ba, a hanya kuma ya taɓa gudun kilomita 180 ɗin a awa. Legas zuwa Kano ba ta kai haka nisa ba, kun kuwa san yawan guzurin da akan ɗaura mata. A lokacin, shekara 7 kacal da Kafanchan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos, kan jirgi mai cin kwal yana ta baɗe fasinja da toka.

Sirrinsa rashin nauyi. Kamfanin Budd ya ƙera shi da ƙarfen da ba ya tsatsa, tarago 3 a sarƙe, kowane biyu suna tarayya a ƙafafu ɗaya. Injin dizal ne ke juya janareta, lantarki ke juya ƙafafun. Hancin nan da kuke cewa gayu ne, mai kama da shebur a kife, iska yake tsagawa. Mai musu ya hau babur da babbar riga ya buɗe hannu, zai ba mu labari.

Na ji masu cewa to a kawo shi Kafanchan mu gani. Ina zai taka? Faɗin dogonmu milimita 1,067 ne, nasa 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, wanda ko kallonmu bai yi ba.

Shi dai ya yi aiki har 1960, shekarar da muka samu 'yanci, yanzu yana ajiye a gidan tarihi a Shikago. Baba, in citta ta yi kuɗi bana, a je a shafa hancin da hannu. Tsarabata dai kar a manta.