Likitocin Fawa-Fak

Kwamfutar tebur ba ta mutuwa rana ɗaya idan fawa-fak ɗinta ya gaji. Yau ta ɗauke ana tsakiyar buga katin ɗaurin aure, gobe ta sake tashi da kanta, jibi a danna maɓalli fanka ta yi juyi ɗaya ta tsaya cak. Akwatin ƙarfen nan da ke maƙale ta baya shi ke karɓar wutar bango, ya mai da ita bolt 12 da 5 da 3.3, ya ba kowane sashe rabonsa. Amma kafin a tuna da shi, likitoci sun cika shago.

Malam Bayiros ne ke fara isowa. Bai taɓa ganin cutar da ba bayiros ba, maganinsa kuma ɗaya ne, fomatin. Zai share hotunan bikin Hajiya kaf, ya fara ɗora sabuwar Windows, kwamfuta ta ɗauke a rabin hanya, ya girgiza kai ya ce, “Kai, wannan bayiros ɗin akwai taurin kai.”

Sarkin Mari ba ya dogon bincike, tafi ɗaya yake zabga mata a gefe. Abin haushi, ta taɓa tashi a hannunsa, ranar da wata waya ta saki marin ya mai da ita mazauninta, kuma har gobe da wannan labarin yake cin abinci.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne Ɗan Koriyar Waya, don shi da ɗan karatunsa. Ya gani a YouTube: a zare babban fulogi mai ƙafa 24 daga madabod, a lanƙwasa kilif ɗin takarda, a haɗa koriyar waya da baƙa. Kuma ba ƙarya ya gani ba. Tun tsarin ATX da Intel ya fito da shi a 1995, ta koriyar wayar nan ake ba fawa-fak umarnin tashi. Fanka na juyawa sai ya miƙe tsaye, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya yanke hukunci: “Fawa-fak lafiya lau, madabod ce ta tafi.” Ina! Jaki ne ya yi kuka aka ce ƙaƙƙarfa ne, alhali ba a ɗora masa mangala ba. Fawa-fak da yawa suna juya fanka lafiya, sai an haɗa musu kaya wutarsu ta zube. Madabod nawa aka saya a banza saboda kilif ɗin nan, Allah kaɗai Ya sani.

Akwai kuma mai ƙaiƙayin yatsa. A bayan tsofaffin fawa-fak akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230, don wutar Amurka bolt 120 ce, tamu kuwa 230. “Shi kuma wannan na mene ne?” Ya tura shi 115, ya jona. Fau! Hayaƙi da ƙauri. Shi dai ya huta da bincike, yanzu kowa ya san abin da ya lalace.

Mai zagin NEPA, wadda aka sauya wa suna tun 2005, yana da rabin gaskiya, don hawa da saukar wuta da ƙaramin janareta suna cin ran fawa-fak. Rabin da ba ya faɗa shi ne ƙurar hunturu uku da ta toshe fanka, bai taɓa hure ta ba.

Can a lungu akwai dattijon mai gyara, ba ya cikin musun. Ya kai hanci bayan akwatin ya sunsuna, ya haska tocila ta raga ya ga kafasito sun kumbura kai. Ba ya garajen kwance murfin, ya san manyan kafasiton ciki suna riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Sai ya ɗauko mita, ya auna kwamfuta na aiki: ƙa'ida ita ce rawayar waya ta zauna tsakanin 11.4 da 12.6, ja ta ba da 5, ruwan lemo 3.3. Amma rawaya ta nuna 10.8. Ya jona wani fawa-fak da ya yarda da shi, kwamfuta ta tashi ta zauna daram. Ya ƙara da cewa in irin ƙananan Dell da HP ɗin ofis ne masu fulogi nasu na daban, sai an taka har shagunan kayan kwamfuta na Titin Beirut an nemo irinsa.

Nan Alhaji mai shago zai shigo maganar. A nuna masa fawa-fak guda biyu, mai nauyi da wani shafal da aka rubuta wa wat 650 a jiki, ko ɗaga su bai yi ba ya ce, “Wanne ya fi sauƙi?” A gaya masa shafal ɗin in ya tashi mutuwa yakan tafi da madabod, ya ce Allah Ya kiyaye, a saka shi haka nan. Da dattijo ya nemi kuɗin dubawa kuwa, Alhaji ya duba agogo. “Haba Baba, minti biyar fa ka yi. Mai fomatin ma da ya wuni a nan, ruwan leda na ba shi.”