Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Yakan Sha Rana a Abaji

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san Abaji, ko da ta tagar mota ne. Ka wuce Gwagwalada, ka wuce Kwali, sai ka faɗo garin Ona, wato sarkin Abaji, inda doya ke jere kashi-kashi a bakin titi, direbobi na tsayawa fasinja su yi salla su taɓa abinci kafin a shiga jihar Kogi. Egbura da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Hausawa duk suna nan, ga baƙin hanya daga kowace kusurwa. Nan ofishinmu ya tura ni in nuna wa manoma fim kan yadda ake adana doya kada ta ruɓe, ni da ban san doya ba sai a faranti, an soya ta da ƙwai.

An haɗa ni da kwamfutar cinya sabuwa dal, siririya, da majigi na aro wanda ya ga jiya ya ga yau. Taro sai bayan isha'i, don haka da hantsi na ce bari in gwada. Wayar majigin mai shuɗin kai ce, da 'yan allurai 15 a layi uku, da kusoshi biyu da ake murɗawa. Na duba kwamfuta dama, na duba hagu, na ɗaga ta na leƙa ƙasa. Babu ramin da zai karɓi wannan kai. Wata 'yar siririyar kafa kawai na gani, an rubuta HDMI a gefenta.

Na naɗe waya na fita neman mai ilmi. A gidanmu na Zariya an hore mu cewa ba a tambaya sai an gaisa, don haka mutumin farko da na tara a tasha na ba shi haƙƙinsa cif: sallama, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da zafi. Ya saurare ni har ƙarshe cikin natsuwa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ba Hausa," ya haye motar Anacha.

Na biyu dattijo ne a gindin mangwaro, da carbi a hannu. Nan na gamu da gamona. Na gaishe shi, ya rama da ribi biyu. Daga ina? Zariya. Wace unguwa? Tudun Wada. Ashe ya taɓa kwana can yana saurayi, kuma sai da ya lissafa mini duk wanda ya ba shi fura. Kafin mu iso kan maganar waya an kira azahar. Ya juya ta a hannu, ya ƙirga alluran da yatsa, ya ce, "Ɗana, wannan ai sai jikana. Yana Lokoja."

Sai na yanke shawarar rage gaisuwa. Na tsaya gaban wata mai doya na ce, "Mama, ina ake gyaran kwamfuta?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Haka ake yi a garinku? Ko sannu babu?" Kafin a shirya sai da na sayi ƙatuwar doya ɗaya, ba tayi. Ta nuna mini ɗan acaɓa da haɓa.

Ɗan acaɓa ba ya cewa bai sani ba, wannan a kowane gari haka yake. "Hau, Oga, na san wajen!" Ya sauke ni gaban mai gyaran rediyo, waya a wuya, doya a hammata. Gwanin ya kalli kan wayar, ya jawo almakashi da salatif. "Yallaɓai, waya ai waya ce. Mu datse wannan kan, mu jona wani." Na tuna majigin na aro ne, na yi masa godiya mai yawa ina ja da baya.

A shagon kayan waya aka sayar mini da wani ɗan akwati baƙi, VGA a gefe guda, HDMI a ɗaya gefen. Yaron shagon ya rantse da shi aka haɗa bikin yayarsa. Na koma masauki da murna, na jona komai ya shiga daram. Majigi ya yi gurnani, ya haska bango shuɗi fes, ya tsaya nan. Na kashe, na kunna, na hura ramin da baki, na yi addu'a. Shuɗi dai.

La'asar sakaliya na faɗa wani shagon buga takardu inda ɗalibai ke cike fom ɗin JAMB. Wata yarinya ce a kan na'ura. Na gaishe ta daidai wa daida, ba tsawo ba gajarta, na fara zana ramuka a iska da yatsa. Ta ce, "Kawu, bar kwatance. Je ka ɗauko hoton bayan majigin da na gefen kwamfutar a wayarka." Tafiyar ba ta yi nisa ba, domin shagon yana kallon ƙofar masaukina tun safe.

Da ta ga hotunan da akwatina sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ta ce shuɗin kan nan VGA ne, kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987, kuma yana aika hoto ne da lantarki mai hawa da sauka. HDMI kuwa, mai allurai 19, lambobi yake aikawa, sifiri da ɗaya. Jona waya da waya ba zai sa su ji juna ba, sai an sa tafinta a tsakani. Matsalar ita ce kowane tafinta hanya ɗaya ya iya. Nawa yana karɓa daga VGA ya miƙa wa HDMI, ni kuwa akasin haka nake bukata. Ta ara mini nata, ta ce in danna maɓallin Windows tare da P in zaɓi a nuna allo biyu. Ta ƙara wata magana a kan sauti, amma lokacin har na kai bakin ƙofa.

Bayan isha'i fili ya cika. Aka tayar da janareto, na danna, sai ga gonar doya shar a jikin bango. Aka yi tafi. Mutumin cikin fim ya buɗe baki, yana ta motsa leɓe, ko tari ba a ji. Ashe VGA hoto kaɗai yake ɗauka, ba ruwansa da murya, kuma 'yar lasifikar kwamfuta ba ta isa ta ja da janareto ba.

Na miƙe na zama mai sharhi irin na majigin da. "Jama'a, kun ga wannan bawan Allah, ya ɗauki doya. Yanzu kuma ya ajiye ta." Sai wata murya daga baya ta ce, "Ɗana, zauna ka huta." Dattijon gindin mangwaro ne. Ya fito gaba, yana kallon bango yana bayani tiryan-tiryan: a ajiye doya a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ta taɓa ƙasa mai laima, a riƙa karye tsiron da ya fito, wadda ta ji rauni wajen haƙa kuma a ci ta da wuri don ita ke fara ruɓewa ta shafi sauran. Wani saurayi na mayarwa da Egbura. Da dattijon ya nemi misali, sai ya ɗaga doyata da ke jingine da teburi, ya nuna saran fartanya a gindinta, ya ce duk wanda ya sayi wannan bai san doya ba. Mama mai doya tana sahun gaba, ko gezau ba ta yi ba.

Da aka tashi, shugaban manoman ya riƙe hannuna ya yi godiya sosai. Ya ce in gaya wa ofis fim ya yi amfani, kuma in an samu na rogo a aiko musu da direba kawai, kada a wahalar da ni.